Tsarabar Hutu: Ka Kai wa Ƙanenka Littafin da Zai Sa Shi Dariya

Ni ɗan Tsamaye ne, a ƙasar Sabon Birnin Gobir. Wanda ya san yankinmu ya san abin da ya sa in an ba da hutu yanzu ba can nake sauka ba, sai cikin garin Sabon Birni, gidan kawuna, inda Inna da ƙannena suka raɓe tun da zaman ƙauye ya gagara. Labarin 'yan bindiga kun ji shi a rediyo har kun gaji, wasunku ma sun fi ni saninsa, don haka zan bar shi. Maganar da na zo da ita ƙarama ce, har wani zai ce ba ta kai a ɓata shafin mujallar ƙungiya a kanta ba. Ina so ne in roƙi kowane ɗalibi da ke da ƙane ko ƙanwa 'yan shekara 9 zuwa 12, in zai tafi hutun nan, ya saka littafin ban dariya guda ɗaya a jakarsa ya kai musu. Kuma ya zauna ya karanta musu da bakinsa.

Bari in faɗi inda abin ya samo asali.

Autanmu shekararsa 11. A Tsamaye, Inna aku take ce masa saboda surutu. Yana da wani aboki da suka tashi tare, benci ɗaya a firamare, tabarma ɗaya a makarantar allo, tare suke kamun fara, tare suke shan bulala. Da aka watse, mu muka yo Sabon Birni, iyayen abokin suka ƙetara iyaka wajen Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Tun daga nan akun Inna ya yi shiru. An sa shi wata makaranta a cikin gari, amma can baya yake zama, karatun ya wuce shi, yara kuma ba su da sakaya magana, ɗan gudun hijira suke kiransa. In ka ce masa ya ɗauko littafi, sai ka ga kamar ka ce ya ɗauko maciji.

A hutun da ya wuce na je da wani tsohon kwafin Ruwan Bagaja da na saya wajen mai shimfiɗa littattafai a bakin masallaci. Don kaina na saya, don in rage dare, tun da wuta ba ta cika zuwa ba. Wata rana bayan Isha ina karantawa da tocila, na zo wurin da Alhaji Imam ya sami garin jahilai ya zama babban malami a cikinsu, sai ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman, mai ilimin gaske, ya zo zai tona masa asiri. Aka tara jama'a. Alhaji ya zana wani lanƙwasasshen layi a ƙasa ya ce a karanta. Malam Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙen Larabci, Alhaji kuwa ya juya ga jama'a ya nuna musu cewa ai jinjirin wata ne, kowa ya duba ya ga haka ne, aka kori mai ilimin da atire. Dariya ta kufce mini. Auta na kwance gefe, ya ce, "Yaya, mi kaka ma dariya?" Na sake karanta wurin da ƙarfi, ina canza murya.

Yaron nan ya yi dariya har da tari. Inna ta fito daga ɗaki da ɗankwali a hannu tana cewa, "Mi as samu yaron ga?" Da ta ga abin da ake ciki sai ta tsaya jikin ƙofa, ba ta ce komai ba, ba ta kuma koma ciki ba sai da na rufe littafin.

Da safe na tarar da shi a zaure, littafin a cinyarsa, ya ɗora yatsa kan layi yana haɗa baƙi da wasali da kyar. Ya ɗago kai ya ce, "Yaya, Malam Zurƙe zai rama?" Na ce ban sani ba, sai ya duba da kansa. Kwana goma sha ya yi yana dubawa. Wata biyu malaminsa ya yi yana fama da shi a kan ya buɗe littafi bai buɗe ba, amma son ya san ko Malam Zurƙe zai rama ya sa ya buɗe.

Wannan shi ne dalilina na farko. Yaro ba ya koyon karatu don an gaya masa karatu na da amfani. Mu kanmu da muke da gemu, nawa ne cikinmu ke buɗe handawut in ba jarrabawa ta matso ba? Yaro yana karatu ne in akwai abin da yake ɗokin sani a shafi na gaba. Ƙwarewa kuwa daga yawan yi take zuwa, kamar tuƙin keke. Wanda ya karanta shafi 50 don daɗi ya fi wanda aka tsare da bulala a kan shafi 2. Shekarun nan na 9 zuwa 12 su ne mararraba: ko yaro ya kama karatu da kansa kafin ya shiga sakandare, ko ya shiga yana jan ƙafa, ya yi ta haddar abin da bai gane ba har ya ƙare. Mun ga irinsu, wasu ma tare muke zama da su a lakca.

Dalili na biyu ya fi shafar irin yankinmu. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba 2020, gwamnatin jihar Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan kan iyaka, har da na Isa da Sabon Birni. A ƙauyuka da yawa kuwa ba sai an ba da umarni ba, firamaren da kanta ta mutu, don malam ya gudu, ɗalibai sun watse. Yaron da ya tashi cikin wannan, me kalmar makaranta ke tuna masa? Gudu, rufaffen aji, rabuwa da aboki. Littafin da ke nuna makaranta a matsayin wurin da ake tsokana, ake yin wauta, ake faɗa da safe a shirya da rana, yana mayar wa yaro da wani abu da aka ƙwace masa. Yana tuna masa cewa makaranta wurin yara ce.

To, wane littafi? Ga waɗanda na sani, na kuma karanta. Da na Hausa zan fara, don yaro ya fi saurin dariya da harshen da yake mafarki da shi. In sai an fassara masa abin dariya, kafin a gama ya huce.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam shi ne na farko. An buga shi a 1934, bayan ya yi nasara a gasar ƙaga labarai da ofishin fassara na Zariya ya shirya a 1933 ƙarƙashin Dokta Rupert East, gasar da ta fito da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Ba labarin makaranta ba ne, amma ban san wani littafin Hausa da ya kai shi nuna irin abotar yara maza ba, wadda ke farawa da gaba. Alhaji da Malam Zurƙe suna haɗuwa gari bayan gari, wannan ya yi wa wancan tsiya, wancan ya rama, har daga baya suka gaji suka zama aminai. Duk yaron da ya taɓa samun abokin faɗa a aji zai gane su nan take. Ga shi siriri, ba ya tsorata mai karatu da kyar.

Na biyu Magana Jari Ce, shi ma na Imam, wanda ya rubuta a Zariya a 1936, littafi uku, labarai fiye da 80. Mutane sun fi tuna labaran da ke ciki, suna manta igiyar da ta ɗaure littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Musa ya ƙagu ya fita ya bi Mahmudu, wanda suka tashi tare, ga Waziri ya ƙulla makirci yana jiran ya fito. Aku ne ke riƙe shi da labari kowane dare har gari ya waye. Da na zo nan da Auta sai na ji wani abu ya tokare mini wuya. Yaro yana son ya je wurin abokinsa, hanya ba lafiya, labari ne kaɗai ya zaunar da shi. Shekara kusan 90 da rubutawa, amma kamar a zauren kawuna aka rubuta. Cikin labaran ku nemo masa na Sahoro da Sahorama, ma'auratan da lalaci ya haɗa, da na Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, sannan ta haɗa mijin da baƙon tsere, mijin na bin sa da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda. Littafi na uku kuma kusan aji ne: aku ya zama malami yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari, da gyara da faɗa da komai.

Na uku Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, labarin Kilba, yaro mai ƙiriniya wanda wani baƙo daga sararin sama ya ɗauka yawo. Ya dace da yaron da ba ya zama wuri ɗaya. Ga ƙananan cikinsu kuma, ko waɗanda karatun bai zauna ba, akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Amfaninsa shi ne yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi daga bakin kakarsa, don haka in ya gan su a rubuce sai ya ji ya haɗu da 'yan gida, karatun ya zo da sauƙi.

Sai na Turanci, ga yaron da ya kai aji 5 ko 6, ko ya shiga ƙaramar sakandare. Nan ne ake samun ainihin labaran makaranta. One Week One Trouble na Anezi Okoro, na 1972, sunansa ya gama bayaninsa: Wilson Tagbo ya shiga makarantar kwana, ba makon da zai wuce bai jawo wa kansa wata rigima ba. Marubucin likita ne, farfesan cututtukan fata, kada wani ya ce rubutun ban dariya aikin marasa aikin yi ne. Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaro ne ɗan shekara 11 da ya bar ƙauye ya koma wurin kawunsa a Onica, ya shiga sabuwar makaranta, ya yi sababbin abokai, na kirki da na banza, burinsa duka ya sami kuɗin jirgin da zai ƙetare kogin Neja zuwa Asaba. Yaron da aka ciro daga ƙauye aka dasa a gidan kawu ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan littafi.

Daga Yuganda akwai jerin littattafan Moses na Barbara Kimenye. Moses yaro ne da aka kora daga makarantu da dama, ya ƙare a wata rubabbiyar makarantar kwana mai dogon suna, ya haɗu da amininsa King Kong. Rufi na yoyo, abinci ba daɗi, mai makarantar kuɗi kawai ya sani. Wanda ya yi makarantar kwana a ƙasar nan zai rantse da shi ake. Cikin na baya-bayan nan akwai The No. 1 Car Spotter na Atinuke, marubuciya haifaffiyar Ibadan, labarin yaron ƙauye da ke gane mota daga ƙarar injinta, wanda ya ba da shawarar a mayar da mataccen Toyota Corolla amalanken shanu. Turancinsa mai sauƙi ne, da zane a kusan kowane shafi.

Na lura jaruman duk maza ne, kuma wannan gibi ne na gaske. Ga ƙannenmu mata akwai Too Small Tola, shi ma na Atinuke, labarin ƙaramar yarinya a Legas da kakarta mai faɗa. Waɗanda ke da 'yan uwa a ƙetaren iyaka, masu karatu da Faransanci a Maraɗi ko Tsibiri, su nema musu Akissi na Marguerite Abouet, labarin zane na wata yarinya mai rashin ji a Abijan, ko Le Petit Nicolas na Goscinny da Sempé, wanda ajinsu ke da yaron da kullum bakinsa na motsi da abinci, da ɗan lelen malama da ba a iya duka saboda yana sa tabarau. Kowane aji a duniya yana da waɗannan biyun.

Wani zai tambaye ni Diary of a Wimpy Kid, wanda ya fito a Amurka a 2007, wanda yaran makarantun kuɗi ke yawo da shi. Yana da ban dariya, ban musa ba. Amma rabin dariyar tana tsaye ne kan abubuwan da Auta bai taɓa gani ba, irin su ɗakin cin abincin makaranta da ƙanƙarar hunturu da bukukuwansu. In ka samu kyauta, karɓa. In da kuɗinka za ka saya, kuma guda ɗaya za ka iya, fara da na gida.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu, don an faɗa mini a hostal ido da ido. Wani abokina ya ce, "Kai dai ba ka da aiki. Mutane na neman abin da za su ci, ana biyan harajin dole kafin a yi noma, kai kana maganar littafin dariya?" Gaskiyarsa, littafi ba ya maganin yunwa, ba ya kuma tare harsashi. In zaɓi ne tsakanin mudun gero da littafi, a sayi gero, ba gardama. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mu ɗalibai ba wannan ne zaɓin da ke gabanmu ba. Zaɓinmu tsakanin littafi ne da datar da muke ƙonawa a TikTok cikin mako guda. Sannan yarinta ba ta jiran a yi sulhu. Yaron da ke shekara 8 lokacin da aka rufe makarantun nan a 2020, yanzu ya zama saurayi. In muka ce sai ƙura ta lafa za mu kula da abin da ke cikin kan yaran nan, za mu waiwaya mu tarar babu yaran, sai samari da ba su iya karanta sunansu ba, cike da fushi. Kowa ya san wanda ke jiran irin waɗannan samari a daji.

Na biyu, kawuna da kansa ya ce, "Wanga littahi ba wasa yaka koya ma yaro ba? Duk ƙarya da wayo." Ban raina maganarsa ba, don Alhaji na Ruwan Bagaja ba waliyyi ba ne, Wilson Tagbo ma haka. Amsata ita ce yaro ya fi mu sanin bambancin labari da umarni. Shekara aru-aru kakanninmu na ba da tatsuniyar Gizo, maƙaryaci, maci amana, mai haɗama, ba a taɓa cewa tatsuniya ta lalata Hausawa ba. Ana dariyar Gizo ne don an san abin da ya yi ba daidai ba ne, dariyar kanta hukunci ce. Mu Gobirawa ma ai bai kamata a koya mana darajar barkwanci ba. Wasan da ke tsakaninmu da Yarbawa ya sa Bagobiri da Bayarabe za su haɗu a tasha ba su taɓa ganin juna ba, wannan ya ce wancan bawansa ne, a yi dariya, a rabu ana abokai. Al'ummar da ta mayar da tsokana hanyar zumunci ba za ta ce dariya ɓata lokaci ba ce. Abin da na yarda da kawu a kai shi ne wannan: ka karanta littafin kai da kanka kafin ka miƙa. A cikin Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja akwai wuraren da suka fi dacewa da manya. In kana karantawa da baki sai ka tsallake, ko ka tsaya ku tattauna. Aikin yaya ke nan.

Na uku, an ce waya ta riga ta ci kasuwar, yaro zai fi son ya kalli tsofaffin finafinan marigayi Ibro ko 'yan barkwancin intanet. Ni ma ina kallo, ina kuma dariya. Sai dai a waya an gama wa yaro komai, an ba shi fuska da murya da kiɗa, nasa kawai ya buɗe baki. A littafi shi ne zai ƙera fuskar Malam Zurƙe a kansa, shi zai sa masa rawani da gemu. Wannan aikin ƙwaƙwalwa shi ne zai yi masa rana gobe a lissafi da kimiyya. Kuma mu mutanen gabashin Sakkwato mun san abin da waya ke yi in rana ta ɓaci. A watan Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, har da Sabon Birni da Isa. Wayoyi suka koma tocila. Littafi ba ya neman sabis, ba ya neman caji, yara goma za su karanta guda ɗaya har bangonsa ya cire, a ɗinke da zare a ci gaba.

Yadda za a yi kuwa ba wuya. Kada ka miƙa littafin ka juya baya kamar ka ba da sadaka. Zauna bayan Isha, minti 20 ya isa. Karanta da murya, ka yi muryar tsoho, ka yi ta mace, kada ka ji kunya, ba a lakca kake ba. In ka zo daidai wurin da ya fi daɗi, rufe littafin ka ce barci kake ji, ka ajiye shi inda hannunsa zai kai. Kada ka yi masa tambayoyin jarrabawa, kada ka ce wane darasi ka koya. Da ka faɗi haka ka mayar da zuma maganin zazzaɓi. In ya yi kuskuren karatu, bar shi ya wuce, sai in shi ya tambaya. In yaran maƙwabta sun taru, bar su. A zauren kawuna mun fara mu biyu, kafin hutu ya ƙare sai da tabarma ta yi kaɗan, kuma cikin waɗanda ke zuwa har da biyu daga masu kiran Auta ɗan gudun hijira. Yanzu shi ke riƙe littafin, su ke roƙonsa.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ina da roƙo biyu, kuma babu wanda ke bukatar kasafin kuɗi. Na ɗaya, a ajiye kwali a ofishin ƙungiya mako biyu kafin hutu, duk mai tsohon littafin yara a gida ya kawo, ɗaliban da suka fito daga Sabon Birni da Isa da sauran wuraren da abin ya shafa su ɗauka su tafi da su. Littattafan Imam har gobe kamfanin NNPC na Zariya ne ke da su, ana kuma samunsu a shagunan littattafai da wajen masu shimfiɗawa a kasuwa, na hannu ma ya wadatar.

Na biyu ya fi girma. Ku sake duba jerin da na kawo. Littattafan Hausa da na ambata, mafi ƙuruciya cikinsu ya girmi iyayen wasunmu, kuma ba ɗaya da ya faru a cikin aji irin namu. Na makaranta sosai duk da Turanci ko Faransanci suke. Kasuwar littattafan Hausa ta cika da soyayya, wannan ba laifi ba ne, amma ɗan shekara 10 fa? Ina labarin monita mai rubuta sunan masu surutu ya goge in an ba shi ƙuli-ƙuli? Ina na yaron da ya ɓoye fara a aljihu ta tashi ana tsakiyar darasi? Ina na almajiri da ɗan boko da suka yi musayar allo da jaka na kwana ɗaya? Ina na yarinyar da ke tallar awara da safe, ta fi kowa lissafi a aji saboda canji? Kowannenmu yana da irin waɗannan labarai cike da ciki, muna ba da su a hostal har ƙarfe ɗayan dare, muna dariya har mai gadi ya leƙo. Ba wanda ya rubuta.

An haifi Abubakar Imam a 1911. Lokacin da ya shiga gasar 1933 yana malami a Midil ta Katsina, shekararsa 22. Sa'an da yawa daga cikinmu ne, wasunmu ma sun girme shi. Ba shi da kwamfuta, ba shi da intanet. Me zai hana mujallar nan ta ware shafi biyu a kowace fitowa don gajeren labarin ban dariya na makaranta da Hausa, wanda ɗalibi ya rubuta don ƙannensa? Mu da ke da sashen koyon aikin jarida da masu iya zane da masu sanin na'urar buga takardu a harabar nan, in aka tara goma masu kyau ai an sami ɗan littafi. Wanda zai rubuta da Sakkwatanci ya rubuta, yaranmu su ji ana dariya da irin bakinsu a kan takarda.

Ranar da zan dawo makaranta, Auta ya raka ni tasha, littafin a hammatarsa, bangon ya riga ya rabu. Na ce me zan kawo masa in na dawo. Na zaci zai ce ƙwallo ko takalmi. Ya ce in kawo Magana Jari Ce na biyu, sannan in ƙara sayo wani Ruwan Bagaja. Na ce ai ga shi a hannunka. Ya ce ba nasa ba ne, in an sami mai ƙetarawa Gidan Rumji ne za a kai wa abokinsa, don shi bai san Malam Zurƙe ya rama ba.

Na riga na saya. Yana cikin jakata, ina jiran hutu.